Kafin dashen ɓargo: a haska jiki duka ko a tsaya ga magani zalla?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tawa: "Likita, ƙanena mai shekara 34 yana da sankarar jini, irin wadda ake rubutawa LAL a takardunsa. An yi masa shimiyo a Yamai, ciwon ya kwanta, amma gwajin da aka aika waje ya nuna akwai sauran ɓurɓushinsa, don haka aka ce sai dashen ɓargo. Asibitoci biyu na ƙasar waje sun amsa mana. Na farko za su haska jikinsa duka, su haɗa da siklofosfamid. Na biyu babu haskawa, magunguna uku ne: tiyotefa, busulfan da fuludarabin. Mahaifiyarmu ta ce ba ta yarda a ƙona mata ɗa ba. Ɗa guda gare shi, kuma yana son ƙari. Wanne za mu ɗauka?"

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri bisa tsayuwar da kuka yi masa. Maganar ƙarshe tana wurin likitan da ke riƙe da takardunsa, amma tunda ra'ayina kuka nema, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Mutum mai shekara 34 da ke da irin wannan sankara, in zuciyarsa da huhunsa da hantarsa da ƙodarsa lafiya suke, tsarin da ke da haskawa, wato ratsa jiki da hasken na'ura mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara, zan zaɓa masa. Na biyun tsari ne sananne, manyan asibitoci suna aiki da shi, sai dai a wannan ciwon galibi gare shi ake komawa idan haskawa ba ta yiwu ba. Kuma ku cire wa ranku cewa ya fi sauƙi a jiki don babu na'ura a cikinsa. Dukansu biyu ɓargo suke kashewa baki ɗaya.

Abin da asibitocin suka rubuto muku shi ne share fage, wato maganin da ake bayarwa cikin kusan mako guda kafin a zuba wa majinyaci ƙwayoyin ɓargon wani. Yana kashe ragowar ƙwayoyin sankarar da shimiyo, wato magungunan sankarar da aka ba shi, ta bari, yana kuma danne garkuwar jikin majinyacin don kada ta kori baƙon ɓargo. Bayan haka sabuwar garkuwar da ta zo daga mai bayarwa ita ke ci gaba da farautar duk wata ƙwayar sankara da ta tsira, wata da watanni. Ana ƙirga ranakun share fage a baya-baya, saura 7, saura 6, har zuwa ranar sifili, ranar dashe. Da zarar an fara, babu fasawa, domin ɓargonsa na asali ba zai farfaɗo da kansa ba. Shi ya sa ba a farawa sai mai bayarwa yana kusa, an gama gwada shi, an tsayar da ranar ɗibar ƙwayoyinsa.

Dalilin da ya sa haskawa ke da matsayi na musamman a wannan ciwon yana cikin halin ƙwayoyin kansu. Ƙwayoyin LAL ba sa jure haskawa, sun fi na wasu sankarorin saurin mutuwa da ita. Sannan suna da maɓoya biyu inda yawancin magungunan da ke bin jini ba sa shiga sosai: ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, da kuma maraina. Kun ga dai yadda aka riƙa yi masa allura a gadon baya lokacin shimiyo. Saboda wannan maɓoyar ce. Haskawa ba ta bin jini, tana ratsa ko'ina daidai, kuma ba ruwanta da yadda hantar wannan ko ta wancan ke sarrafa magani. Tun shekarun 1970 likitocin Siyatil a Amurka, ƙarƙashin Donnall Thomas wanda ya samu lambar Nobel a 1990 saboda wannan aiki, suka kafa tsarin haskawa tare da siklofosfamid. Yau abin da aka saba shi ne gire 12, ma'aunin haskawa da ake rubutawa Gy, a raba shi kashi shida, safe da yamma har kwana uku, a haɗa da siklofosfamid miligiram 60 ga kowane kilo na jiki har kwana biyu. Wasu asibitoci suna sa etoposid a madadinsa, wasu fuludarabin. A takardar Faransanci za ku ga haskawar da haruffan ICT, a ta Ingilishi TBI.

Tsoron Hajiya abin saurare ne, kuma ya kamata wani ya zauna ya yi mata bayanin abin da ke faruwa a ɗakin. Ana kwantar da mutum ko a zaunar da shi nesa da na'urar da wasu taku, a sa allon roba mai haske a gabansa, a rataya ƴan guntayen ƙarfe da aka yanka daidai siffar huhunsa don su rage abin da huhun ke sha. Ma'aikata su fita su rufe ƙofa, suna kallonsa ta kyamara suna yi masa magana ta lasifika. Ba ya jin zafi, ba ya ganin wuta, ƙarar na'ura kawai yake ji, abin da ya fi damunsa shi ne zama wuri guda ba motsi. In ya fito ba ya ɗauke da komai da zai cutar da na kusa da shi. Daga baya tashin zuciya yana zuwa, gefen kumatu ya kumbura kamar mai hangum na kwana ɗaya ko biyu, baki ya bushe, fata ta ɗan yi duhu. Ranar dashen kanta ba a yanka kowa: leda ce mai kama da ta ƙarin jini, ana rataya ta, ta bi ta bututun da aka sa masa a ƙirji. Wahalar gaske tana zuwa a mako na biyu, lokacin da baki da maƙogwaro suka yi miki har haɗiye yawu ya gagara, fararen ƙwayoyin jini suka sauka ƙasa ƙwaf, zazzaɓi ya shigo. Wannan makon yana jiransa ko da tsarin farko ko da na biyu.

Ga abin da bincike ya nuna. Mafi ƙarfin hujja ita ce gwajin da ake kira FORUM, wanda aka buga a 2021. An raba yara da matasa 417 masu shekara 4 zuwa 21 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu haskawa gire 12 da etoposid, wasu fuludarabin da tiyotefa tare da busulfan ko tireyosulfan, wato kusan tsarin asibitinku na biyu. Bayan shekara biyu, kashi 91 cikin 100 na waɗanda aka haska suna raye, na ɗaya ɓangaren kashi 75. Ciwon ya dawo wa kashi 12 a nan, kashi 33 a can. Tazarar ta yi yawa har aka dakatar da ƙuri'ar tun ba a kai ƙarshe ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ko mutuwa saboda wahalar dashen kanta ta fi yawa a ɓangaren da ba a haska ba, kashi 9 a kan kashi 2. Gaskiya ne waɗannan yara ne, jikin mai shekara 34 ba ya jure abin da na mai shekara 12 ke jurewa. Amma bayanan dubban manya da ƙungiyar dashen ɓargo ta Turai, EBMT, ta tara su ma sun karkata wannan gefen: ciwon ya fi ƙarancin dawowa ga waɗanda aka haska.

Akwai hujja ta ɗaya gefen, kuma adalci ne in kawo muku ita. A ƙasar Sin an gwada mutum 550 masu shekara 14 zuwa 65, aka buga a 2023: busulfan da siklofosfamid a gefe guda, haskawa da siklofosfamid a ɗayan. Bayan shekara biyu masu rai sun kai wajen kashi 77 da kashi 79, bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai dai waɗanda aka sa a gwajin masu ciwo ne na matsakaicin haɗari a lafawar farko, kuma haskawar gire 9 ce, ƙasa da wadda aka saba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne wanda ba shi da hanyar haskawa bai rasa komai da komai ba. Ban ɗauke shi hujjar barin haskawa ga wanda ke da hanyarta kuma ciwonsa ya nuna taurin kai ba, kamar ƙanenku.

Tsarin na biyu yana da nasa ciwon kan. Busulfan yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ya sa ake haɗa shi da maganin rigakafinta. Yana kuma iya toshe ƙananan jijiyoyin hanta, ciki ya tara ruwa, ido ya yi shawara, nauyi ya ƙaru cikin ƴan kwanaki, kuma wannan yana kisa in ya yi tsanani. Jikin mutane ya bambanta ƙwarai wurin sarrafa shi: awon da ya yi wa wani daidai sai ya yi wa wani kaɗan ciwo ya dawo, ya yi wa wani yawa hanta ta lalace. Asibitin da ya san aikinsa ta jijiya yake ba da shi, kuma da yawa suna auna yawansa a jini bayan allurar farko su gyara sauran. Ku tambaye su ko suna yi. Tiyotefa kuwa an sa shi ne don yana ƙetarawa zuwa ruwan ƙwaƙwalwa, wato yana ƙoƙarin cike giɓin da rashin haskawa ya bari. Yana fita ta gumi, don haka ake ta yi wa majinyaci wanka ana canza masa zanen gado. Tambaya mafi muhimmanci da za ku yi wa asibiti na biyu ita ce: sun bar haskawa ne don sun ga wani dalili a jikin ƙanenku, ko don ba su da na'urar? In dalilin jikinsa ne, misali huhu mai rauni ko an taɓa haska masa kai da yawa, ku saurare su da kyau, suna iya fin na farkon gaskiya.

Haskawa ma ba kyauta take ba. Tana iya kumbura huhu a watannin farko. Bayan shekaru tana kawo yanar ido, raunin ƙullin maƙogwaro da ke daidaita kuzarin jiki, ciwon suga ga wasu, kuma tana ƙara haɗarin wata sabuwar sankara can gaba. Duk waɗannan ana bin diddiginsu shekara-shekara, yawancinsu kuma suna da magani. Ciwon da ya dawo bayan dashe shi ne abin da har yau maganinsa ke ba mu wuya matuƙa, kuma da wannan ma'aunin nake auna tsarin biyu.

Batun haihuwa ina so ku faɗa wa ƙanenku shi da bakinku kafin ya hau jirgi. Gire 12 tana hana mafi yawan maza haihuwa har abada. Cikakken awon busulfan shi ma haka yake yi. Gudun haskawa ba zai cece shi daga wannan ba. Hanyar da ke akwai ita ce a adana maniyyinsa a daskare kafin a fara share fage. Shimiyon da ya sha tana iya zama ta rage shi, amma a gwada, ba a rasa komai da gwadawa. Ku rubuta wa asibitin tun yanzu su shirya, domin in an isa can hankali yana tafiya ga wasu abubuwa, sai an wayi gari an makara. In yana da shakku ta fuskar addini, ya zauna da malaminsa da matarsa tun yana gida.

Wataƙila wani zai ce muku akwai share fage mai sauƙi, me ya sa ba za a ba shi wannan ba. Akwai, kuma an yi shi ne don manya da masu rauni. Babban gwajin Ingila da Amurka da aka buga a 2008 ya nuna cewa cikin rukunin masu babban haɗari, wanda ya ƙunshi waɗanda suka haura shekara 35, wajen kashi 36 sun rasu cikin shekara biyu saboda wahalar cikakken tsarin, ciwon bai ma dawo ba. Daga nan aka koma ba waɗanda suka wuce 40 tsari mai rangwame. A wani gwajin Ingila mai suna UKALL14 an ba irin waɗannan fuludarabin da melfalan da alemtuzumab. Bayan shekara huɗu wajen kashi 55 suna raye, amma ciwon ya dawo wa kusan mutum ɗaya cikin uku. A Jamus suna ba waɗanda suka manyanta gire 8 da fuludarabin, tsaka-tsaki ke nan. Da yayanku ne mai shekara 55 da hawan jini da suga, da amsata ta canza gaba ɗaya. Ƙanenku in gwajin zuciya da na numfashi suka fito lafiya, rage masa ƙarfin magani rage masa dama ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarku shi ne ɓurɓushin nan da gwaji ya gani. Ana auna shi har zuwa ƙwaya ɗaya cikin 10,000, kuma wanda ya shiga dashe da shi ciwonsa ya fi yawan dawowa, kowane tsari aka ba shi. Don haka kafin ku yi gardama kan na'ura, ku tambayi asibitocin biyu me za su yi su share shi tukuna. In ciwon nau'in B ne (LAL tana da nau'in B da nau'in T), akwai bilinatumomab, wanda ake ɗurawa ta jijiya ba yankewa har kwana 28. A gwajin da aka buga a 2018 ya kawar da ɓurɓushin ga kashi 78 bayan zagaye ɗaya. Yana da tsada ƙwarai, amma ku sa shi cikin lissafi. In kuma suka ambaci inotuzumab, ku sani yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin hanta, musamman in aka biyo shi da magunguna biyu masu ƙarfi irin busulfan da tiyotefa. Ku duba kuma ko an nemi canjin nan na cikin ƙwayoyin sankarar da ake kira Filadalfiya, BCR-ABL a takarda, wanda ake samu ga wajen kashi ɗaya cikin huɗu na manya masu wannan ciwo. In yana da shi, ƙwayoyi irin su imatinib, dasatinib ko ponatinib suna shiga tsarin, kafin dashe da bayansa.

Ba ku faɗi wanda zai ba da ɓargon ba, alhali shi ma yana canza tsarin. Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar ɗaya cikin huɗu ya dace cif. Ɗan uba ba ya wuce rabin dacewa galibi, iyaye da ƴaƴa kuwa rabi ne tabbas. Neman baƙo a rijistar duniya ba shi da auki gare mu: wani nazari na 2014 a Amurka ya nuna Bature yana da damar kashi 75 ya samu wanda ya dace sosai, baƙar fata bai kai kashi 20 ba. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne hanyar da likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka fito da ita, inda ake dashe daga mai rabin dacewa a ba da siklofosfamid a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe don ya kashe ƙwayoyin da za su afka wa jikin majinyacin. In wannan hanyar za a bi, sau da yawa fuludarabin ake haɗawa da haskawa a share fage, siklofosfamid ya koma bayan dashe. Kada ku yi mamaki in takardar ta canza bayan an gwada ƴan'uwa.

Nan zan ja kunnenku kan wani abu da muka saba da shi a gida. In majinyaci yana buƙatar jini, dangi ke layi su bayar, kuma abin yabo ne. Amma wanda ake shirin yi wa dashe, kada a zuba masa jinin ƴan'uwansa na jini, domin jikinsa yana iya koyon ƙin ƙwayoyinsu, ya zo ya kori ɓargon ranar da ake buƙatarsa. Ku bayar a cibiyar ƙarin jini a musanya muku da na wani.

Akwai kuma cututtukanmu da likitan waje ba lalle ya tuna da su ba, share fage kuwa yana tayar da duk abin da ke kwance. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu; a gwada majinyaci da mai bayarwa, har da gwajin da ke nuna tsohon kamu, domin in akwai sai an fara entekabir ko tenofobir kafin komai. In ya taɓa fitsarin jini yana yaro saboda wanka a tabki, ku faɗa: tsargiya tana barin tabo a mafitsara, siklofosfamid kuma mafitsara yake ci, ko da ana ba da mesna da ruwa mai yawa don kare ta. A duba tarin fuka, a duba palu ga su biyun, a yi maganin tsutsar ciki da ibamektin in likita ya ga dama, a cire ruɓaɓɓen haƙori. Ku kai cikakken jerin shimiyon da ya sha da yawan kowanne, domin wasu suna taruwa a zuciya, kuma da su za a yanke ko zai ɗauki cikakken awo.

Na san za ku yi tunanin ko a yi haskawar a Yamai a rage kuɗi, tunda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa ta fara haska majinyata tun 2021. Haska ƙari guda a mama ko a mahaifa aiki ne daban. Haska jiki duka dole ta kasance kusa da ɗakin dashen, a cikin ƙirgen kwanakin nan da na faɗa, a hannun ma'aikatan da suka saba yin ta. Ku tambayi asibiti na farko manya nawa masu LAL suke yi wa haka a shekara, ku tambayi na biyu irin wannan tambayar game da nasu tsarin. In na farkon jefi-jefi suke yi, na biyun kuma aikinsu ne na kullum, wannan kaɗai yana iya juya shawarata.

Ku yi lissafin zama kusa da asibitin aƙalla kwana 100 bayan dashe, da mai jinya guda wanda ba zai gaji ba, da kuɗin ajiya na abin da ba a zata ba, domin kuɗin da ke takardar farko na tafiya lami lafiya ne. In ya dawo, watannin farko a Yamai ya kamata ya yi su. Tawa ta fi kilomita 500 daga Yamai, shi kuwa zai riƙa shan sikulosforin ko takurolimus, masu danne garkuwa, da ake auna yawansu a jini, kuma zazzaɓi a jikinsa ba ya jiran motar safe. Ya nisanci ƙurar hunturu da wurin gini da kashin tantabaru da turken dabbobi, ya kwana cikin gidan sauro, kada ya sha wani jiƙo ko sassaƙe ba tare da likitansa ya sani ba, domin hantar da ta sha share fage ba ta da sauran haƙuri. Kafin ku baro can, ku karɓi takarda a rubuce mai ɗauke da yawan haskawar da ya sha, sunayen magungunan, ranar da za a fara rage masu danne garkuwa, da jadawalin sake yi masa alluran rigakafi, domin na yarinta duk sun tafi tare da tsohon ɓargon.